Baba Ya Ce A Danna Ci Gaba

Shafi na 17

Masu tambaya ko Baba ya sayar da babur ɗin, ya sayar, jiya da yamma. Waɗanda kuma yau ne shigowarsu ta farko, bari a gabatar muku da mutanen gidan a taƙaice, sai mu wuce.

Su huɗu ne, a ɗaki biyu da falo. Baba ma'aikacin sito ne a wani kamfanin rarraba kaya. Shekara goma sha tara yana riƙe da makullai, ko daga barci aka tashe shi zai faɗi katan nawa suka rage a kowane lungu. Amma duk lokacin da kujerar shugaban sito ta zama babu kowa, sai a kawo yaro mai digiri a ce Baba ya koya masa aiki, ya kuma riƙa gaishe shi da ranka ya daɗe. Abin da Baba ya rasa takarda ce.

Umma kitso take yi a falo. Ta gama sakandare da sakamakon da malamanta suka yi ta nunawa, sai mahaifinta ya rasu, maganar ci gaba da karatu ta bi shi. Kaka, mahaifiyar Baba, haƙora huɗu suka rage mata, amma ba ta taɓa rasa abin faɗa ba. Sai 'yarsu tilo, mai shekara goma sha biyu, wadda duk layin ke kira Injiniya, saboda wayar kowa ta rikice wurinta ake kawowa. Ita kuma abin da ta rasa barci ne, yau sati biyu ke nan.

Shekara uku da suka wuce Baba ya shiga jami'ar da ake karatunta ta intanet, yana karantar harkar sito da jigilar kaya. Kuɗin kashi shida ne. An biya biyar, firij ya tafi a na biyu, nama ya koma baƙon da ake gani sau ɗaya a wata. Na shida yau Asabar ake rufe karɓarsa, ƙarfe huɗu daidai. Wanda bai biya ba, shekarunsa uku sun sha ruwa. Shi ya sa aka sayar wa bakaniken bakin layi babur, da sharaɗin idan Baba ya fasa kafin ƙarfe huɗu ya mayar da kuɗi ya ɗauki abinsa.

Abin da ya hana Injiniya barci shi ne saƙon da jami'ar ta turo, mai nuna sunan da za a buga a jikin takardar digiri.

Ba sunan Baba ba ne. Na Umma ne.

Ƙarfe uku saura kwata Baba ya fito daga ɗaki.

Sanye yake da baƙar rigar yaye ɗalibai da ya sa tela ya ɗinka masa, hannuwanta kamar na jemage. A kansa hula ce mai kusurwa huɗu, wadda shi da kansa ya yanko kwalinta daga sito aka lulluɓe da ƙyalle. Tuntun kuwa daga labulen falo aka ciro shi.

Matar Direba, maƙwabciyarsu, tana zaune a kan 'yar kujera tsakanin ƙafafun Umma, rabin kanta a kitse, rabi a tsefe ya yi tsaye. Ta ɗaga ido ta saki guɗa.

"Farfesa! Wallahi kamar a talabijin!"

Umma ta mayar mata da kai. "Ki daina motsi, za ki karkata min layi."

Kaka ta leƙo ta saman tabarau. "Wa ya rasu?"

"Inna, rigar ilimi ce."

"To ilimin ne ya rasu?"

Baba bai kula ba. Ya zauna a doguwar kujera, ya baza riga, ya miƙa wa Injiniya wayar. Waya ɗaya ce mai manyan ayyuka a gidan, da rana tana hannun Umma, da yamma ta koma hannun Baba.

"Injiniyata, kuɗin suna asusu. Buɗe ki biya, a gama da wannan babin."

Ta karɓa da hannu biyu.

"Baba, kamar babu sabis."

"Hau kan kujera."

Ta hau. Sabis ya cika taf, ko kunya babu.

"Caji ya kusa ƙarewa."

"Tun safe take jone."

"To... data."

"Na saka mai yawa. Ke, yau lafiya kike?"

Ta sauko. Ta buɗe shafin, ta shigar da lambobi a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Shafin biya ya fito. A samansa, cikin manyan baƙaƙe, ga sunan nan, ƙarƙashinsa an rubuta: a tabbatar wannan ne sunan da za a buga, ba a canzawa bayan biya.

"Me ya ce?"

"Ya ce a duba..."

"Danna ci gaba."

Wannan ita ce maganar Baba. Shekara uku, duk abin da ya fito a wayar nan, dogo ko gajere, amsarsa ɗaya ce. Yakan ce masu rubuta irin waɗannan dogayen bayanai ba su da aikin yi ne, shi kuwa yana da shi.

Injiniya ta dubi maɓallin. Idan ta danna, shi ke nan, yau za a ci abinci lafiya. Sai bayan wata biyu takarda ta iso, Baba ya kai ta ofis a cikin ambulan, manaja ya buɗe a gaban mutane.

Ta hango a ranta yadda fuskar Baba za ta kasance a wannan ranar. Sai ta ji yatsan ya ƙi.

"Baba, karanta da kanka."

"Ban san inda na ajiye tabarau ba. Danna kawai."

"Don Allah, Baba."

Muryarta ce ta sa kibiyar kitso ta tsaya a hannun Umma. Kaka ta zare nata tabarau, mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, ta miƙa.

"Ungo. In dai karatu ne, yau mu ga yadda ake yin sa."

Baba ya maƙala tabarau a ƙarƙashin hular kwali. Ya kawo wayar kusa da hanci, ya nisanta ta, ya sake kawowa. Leɓɓansa suka motsa. Suka tsaya. Suka sake motsawa.

"Maman Injiniya."

"Na'am."

"Me sunanki yake yi a makarantata?"

Matar Direba ta gyara zama, irin zaman wanda ya samu wuri a sahun gaba.

Umma ta ce mata, "Ko za ki je gida, anjima ki dawo mu ƙarasa?"

"Da wannan kan? Ai ko gobara ake yi ba na fita. Ku yi harkarku, ni kamar bango nake."

"Bango mai baki," in ji Kaka.

Injiniya ta durƙusa a gaban Baba tun kafin a tambaye ta.

"Ni ce, Baba."

"Ke ce me?"

"Ranar da aka yi rajista. Kana sauri za ka tafi aiki, ka ce in ɗauko takardar sakandare a akwati in ɗauki hotonta in tura."

"Na ce."

"Na ɗauki taka sau uku, shafin yana cewa ba ta karantuwa."

"Me ya sami takardata?"

Kaka ta ce, "Wadda ka naɗe burodi da ita?"

"Inna, sau ɗaya ne, kuma ruwa ake yi!"

"Duk maiƙo ne a wurin sunan," in ji Injiniya, hawaye sun fara zuba. "Sai na ga wata a ƙarƙashinta, fes, a cikin leda. Na ce ai duk na gidanmu ne. Da na tura sai ya karɓa, ya cike suna da kansa. Na ce maka, Baba, ya ce a duba suna. Ka ce..."

Ba ta ƙarasa ba.

Matar Direba ce ta ƙarasa mata, a hankali, cikin ladabi. "Danna ci gaba."

Baba ya miƙe tsaye. Kusurwar hular ta bugi ƙwan fitila, ya dafe ta.

"Shekara uku! Firij ɗina! Babur ɗina! Jiya a ƙafa na dawo gida, karen gidan mai wanki ya raka ni har ƙofa! Na gaya wa manaja ya ajiye min kujera. Na gaya wa yaran sito su fara saba bakinsu da kira na shugaba. Har mai gadi na yi wa alkawarin tsohuwar kujerata!"

"Shekarata tara lokacin, Baba."

Ya dube ta a durƙushe. Baba mutum ne mai faɗa da iska, amma bai iya faɗa da yaro mai kuka ba.

"Tashi. Share fuskarki. Kira min su. Kuskure ne, za su gyara. Ni ma a sito ina gyara kuskure."

Ta kira lambar jami'ar, ta saka a lasifika. Wata murya mai daɗi ta yi musu maraba, ta ce kiransu yana da muhimmanci.

"Madalla," in ji Baba. "Baiwar Allah, sunana ne aka..."

Muryar ta ce idan batun biyan kuɗi ne a danna ɗaya.

"Ki tsaya in gama mana."

Ta ce idan batun jarrabawa ne a danna biyu.

"Wace irin tarbiyya ce wannan? Babba yana magana!"

"Baba, na'ura ce."

"Ko na'ura ce ai wani ya haife ta!"

Sai da aka danna huɗu, aka danna tara, aka sha kiɗa na minti goma sha ɗaya wanda Kaka ta ce ko a gidan biki aka sa shi za a watse, sannan wani saurayi ya ɗauka. Ya saurari Baba har ƙarshe, ya ba shi haƙuri sau uku. Sannan ya ce ba a mayar da karatun wani ya zama na wani. Wadda sunanta ke rajista ita ce ɗaliba. Idan Baba yana so, ƙofa a buɗe take, ya fara daga shekarar farko.

"Daga farko?"

"Eh, ranka ya daɗe. Amma ina taya ku murna, ɗalibar tana cikin biyar na sama a ajinsu. Kada ku bari huɗu ta yi."

Layin ya katse.

Agogon bango ya nuna uku da minti ashirin da biyar.

Baba ya koma ya zauna. Can ya ɗaga yatsa.

"Biyar na sama. Kun ji ko? Wannan ƙwaƙwalwata ce. Suna ne kawai nata. Wa yake sauraron lakca kullum in ya dawo aiki?"

Umma ta ci gaba da kitsonta.

"Na ce wa yake saurara?"

Kaka ta ce, "Abin da nake ji dai daga ɗakina, minti biyar malami yana magana, sauran awa ɗaya kai kake yi. Da hanci."

"Ido nake rufewa don karatu ya zauna!"

"Yana zama kam. Har yawu yake fitarwa."

Gaskiyar magana, wadda Injiniya ta sani sarai, ita ce: Baba yakan dawo a gajiye, ya ci abinci, ya kishingiɗa, ya kunna lakca ya ɗora wayar a ƙirji. Kafin malami ya gama gaisuwa ya tafi. Umma ta ɗauke wayar a hankali, ta lulluɓe shi. Washegari ta jingina wayar a jikin gwangwanin man kitso, ta kunna lakcar daga farko, hannu yana aiki kunne yana aiki. Idan an ba da aikin gida, Baba yakan tsaya a bakin ƙofa da makullai a hannu ya faɗi jimla biyu, ya ce, "Sauran ki cike, kin dai gane inda na dosa." Umma ta cike shafi takwas.

"To a gwada," in ji Kaka. "Ke mai rabin kai, shekara nawa kina kitso a gidan nan?"

"Duk sati biyu, Inna, tun kafin a fara karatun. Ni ma da an yi adalci da an ba ni ko rabin digiri."

"Yi masa tambaya."

Matar Direba ta yi gyaran murya. "Farfesa, wanda yake koyar da darasin jigila a wannan zangon, yaya kamanninsa?"

Baba ya yi murmushin raini. "Wannan ai tambayar yara ce. Dattijo ne mai gemu, yana yawan tari."

"Mai gemu ya yi ritaya tun bara. Mace ce yanzu, har ta haihu ta dawo."

"Namiji ta haifa," in ji Kaka. "Ni ma na sani."

Injiniya ta cusa fuska a cikin hijabi. Ba ta san ko kuka take yi ko dariya ba.

Baba ya cire hular kwali ya ɗora a gwiwa. Ba tare da ita ba sai ya koma ƙarami, ga furfura a gefen kunne, ga shatin zare a goshi. Ya daɗe yana juya tuntun labule a yatsa.

A waje aka ji tarin babur, sau biyu, sannan ya kama. Duk gidan sun san wannan tarin. Bakanike ne yake gwada shi a bakin layi, yana tuna wa mai shi cewa lokaci yana tafiya.

Baba ya juya kai wajen taga.

"Idan na mayar masa da kuɗinsa yanzu," ya faɗa, ba da kowa yake ba, "Litinin in hau abina in tafi aiki. Ba digiri, amma ba tafiyar ƙafa."

Babu wanda ya ce masa a'a. Kuɗinsa ne, babur ɗinsa ne.

Umma ta soke kibiya a gashin Matar Direba, ta goge hannu a zane.

"Baban Injiniya, ka karɓo babur ɗinka. Ƙafarka ta hagu ba ta son tafiya mai nisa."

"Ke fa?"

"Ni me? Ina da sana'ata."

Ta faɗa tana kallon gwangwanin mai. Injiniya ta lura hannun da ta goge ɗin ta sake goge shi, alhali babu komai a jiki.

"Abu ɗaya dai zan faɗa," in ji Umma. "Kada ka ce ba ka da komai a ciki. Aikin da aka ba ni maki mafi yawa, labarin da ka ba ni ne, na shekarar da ɓeraye suka shiga buhunan sukari ka sauya tsarin jera kaya. Malamar ta karanta shi ga duk aji. Ta ce wanda ya yi wannan tsarin ya fi littafin da take koyarwa da shi sanin sito."

Baba ya ɗago. "Ta ce haka?"

"Na rantse. Ina nan ina jin ta," in ji Matar Direba. "Ranar har kuka na yi, amma kitson ne ya yi zafi."

"Da sunana ta faɗa?"

"Na rubuta, wani ƙwararren ma'aikacin sito da na sani."

Baba ya maimaita a hankali, yana ɗanɗana kalmar. "Ƙwararre."

Babur ya sake tari a waje. Huɗu saura minti goma sha takwas.

"Inna, me kika gani?"

Kaka ta tauna bakinta. "Ni ban yi boko ba. Amma na san lokacin da aka sayar da firij, ba kai kaɗai ka sha ruwan zafi ba. Kuma matar nan taka shekara uku tana yi maka karatu kana yi mata minshari, ko sau ɗaya ba ta kai ƙararka wurina ba. Ni ce ma nake kai ƙararka wurinta."

Baba ya gyara tabarau mai ƙafa ɗaya, ya miƙa hannu.

"Ba ni wayar."

Injiniya ta ba shi.

"Ina shafin biyan?"

"Ga shi. Wannan maɓallin na ƙasa."

"Na gani. Wannan dogon rubutun na sama fa?"

"Sharuɗɗa ne, Baba. Ba sai an..."

"Za a karanta."

Ya gyara zama, ya sa yatsa a layin farko, ya fara karantawa da ƙarfi, kalma bayan kalma, kamar mai ƙirga katan.

"Sharaɗi na ɗaya. Ɗalibi ya amince cewa..."

Injiniya ta leƙa. Sharuɗɗan ashirin da bakwai ne.

Huɗu saura kwata, yana na huɗu.

Saura minti goma, yana na tara, ya tsaya yana tambayar ma'anar wata kalma. Umma ta faɗa masa ba tare da ta duba ba. Ya ce shi ma abin da ya yi zato ke nan.

"Baba, lokaci!"

"Rashin karatu ne ya kawo mu nan. Ba za a sake ba."

Saura bakwai. Matar Direba ta miƙe tsaye da rabin kanta, kibiya tana lilo.

"Farfesa, don girman Allah!"

"Sharaɗi na goma sha shida..."

Saura biyar. Kaka ta buga sandarta a ƙasa.

"Kai! Shekara hamsin ba ka karanta komai ba sai yau? Danna ci gaba!"

"Danna ci gaba, Baba!"

"Danna ci gaba!"

Har wani yaro da ke wucewa a waje, wanda bai san me ake yi ba, ya taya su.

Umma kuwa ta haɗa hannuwa a ƙirji, idonta a kan agogo.

Baba ya sauke yatsa daga sharuɗɗan, ya koma saman shafin. Ya karanta sunan da ƙarfi, cikakke, nata da na mahaifinta, yadda ake kiran ɗalibi a gaban taro. Injiniya ba ta taɓa jin sunan a bakinsa haka ba. Umma ta sunkuyar da kai.

"An duba suna," in ji Baba. "Daidai ne."

Ya danna.

Wayar ta yi ta juya ɗan da'irarta. Sai ta yi ƙara, saƙon banki ya shigo, kuɗin babur sun tafi. A waje bakanike ya ja abinsa, tarin ya yi nisa har ya ɓace.

Matar Direba ta cika falon da guɗa. Baba ya ɗauki hular kwali, ya miƙe, ya ɗora ta a kan ɗankwalin Umma. Ta zurma har gira.

"Tela zai rage rigar," ya ce. "Kuma ranar da takarda ta zo, ni zan kai ki ofishinmu. In dai sai mai digiri za su ba kujerar nan, gara in ce wa ke ranki ya daɗe da in ce wa wani ɗan cikina."

"Allah Ya yi maka albarka," in ji Kaka. "Ba ni tabarau na."

"Tsaya, Inna, wani abu ya sake fitowa."

Injiniya ta karɓa ta duba.

"Ya ce biyan bai kammala ba sai ɗaliba ta nuna fuskarta a kamara, a gwada da wadda ke ajiye. Saura minti biyu. Baba, ni ban taɓa saka fuskar kowa ba! Ranar rajista bai tambaya ba!"

"Kawo nan."

Baba ya kafa wa kamarar ido, ya ƙame kamar mai hoton fasfo. Da'irar ta yi ja.

"Ban da tabarau," in ji Kaka.

Ya cire. Ja.

"Gwada ni," in ji Matar Direba.

Kaka ta ce, "Da wannan kan sai wayar ta mutu. Ke Injiniya, juya ta wajen uwarki!"

Injiniya ta juya wayar wajen Umma. Ta buɗe baki za ta yi mata bayanin yadda ake yi, don abin yana da matakai: a matso, a juya hagu, a juya dama, a ƙifta ido.

Ba ta kai ga faɗa ba.

Umma ta ture hular baya. Ta matsa taki ɗaya zuwa wajen taga, inda haske ya fi kyau. Ta juya kai hagu. Ta juya dama. Ta ƙifta ido sau biyu, tun wayar ba ta nema ba.

Da'irar ta yi kore.

Rubutu ya fito, Baba kuwa, wanda yau ya koyi karanta komai, ya mayar da tabarau ya leƙo ta kafaɗar Injiniya ya karanta da ƙarfi.

"An kammala biya. Barka da dawowa. Tabbatar da fuska karo na... goma sha takwas."

Agogo ya buga huɗu.

Matar Direba ta koma kan 'yar kujerarta a hankali, ta gyara zane. Kaka ta daina tauna baki. Baba ya zare tabarau, ya naɗe ƙafarsa ɗaya, ya dubi matarsa.

"Goma sha takwas, Maman Injiniya?"

Umma ta ɗauki gwangwanin mai ta rufe, ta sake buɗewa.

"Jarrabawa uku ake yi kowane zango," ta ce, a hankali. "Kullum kana wurin aiki."

Injiniya ta yi lissafin a ka, don ta iya lissafi. A nan ta fahimci cewa sati biyu ta yi ba ta barci, tana ɓoye wa Umma abin da Umma ta sani tun shekarar farko.